Yadda Gammo Ya Shiga Kwamfuta

Ni ban yi boko mai zurfi ba, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Aji biyu na yi a sakandare a Sakkwato, mahaifina ya rasu, na tattara akwatina na dawo Illela. Abin da na tsira da shi daga makaranta bai wuce rubutu mai kyau ba, da Turancin karanta takardar direba, sai kuma baki. Bakin nan ya ja mini asara da yawa a duniya, amma har yau ban ga dalilin rufe shi ba.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ina aiki a wani kamfani mai sayen albasa da wake, wanda yake da sito a bakin hanyar da ta nufi iyaka. Na ce ina aiki a kamfanin, amma gaskiyar magana kamfanin bai san da ni ba. Ma'aikatansa na ainihi su ne manaja, da akawu, da direbobi. Mu kuwa, ni da 'yan dako, mutanen wani ɗan kwangila ne. Shi yake kawo mu, shi yake sallamar mu. In buhu ya faɗo wa mutum a ƙafa, kamfani ba ruwansa. Ni ne helma, wato mai tsayawa a kan 'yan dako. Ni nake sanin wa ya zo, wa bai zo ba, wace mota za a fara lodawa, wa ke laɓewa bayan buhuna yana cin goro.

Sai na yi bayanin gammo, don in ba a gane shi ba, ba za a gane komai a labarin nan ba.

A bangon babban sito akwai ƙusoshi arba'in, kowace ƙusa da gammo rataye. Kowa ya san gammo, tsumman da ake naɗewa a ɗora a ka kafin a ɗauki kaya. To a wurinmu gammo shi ne gurbin aiki, kuma ba na mutum ɗaya ba ne, na gida ne. Duk wanda gidan ya turo da safe, ya zo ya cire gammon gidansu daga ƙusa, shi ne ma'aikaci a ranar. Da damina babban wa ya tafi gona a ƙauyen Amarawa, ƙane ya zo dako. In ƙanen ya yi zazzaɓi, ɗan baffansu ya zo. Akwai gidan da rabinsa yake nan, rabi yana Ƙonni a tsallaken iyaka, sati guda na nan, sati guda na can. Akwai gammon wata mata da mijinta ya rasu, ƙannen mijin suke karɓa-karɓa suna kai mata rabonta. Babu lamba a jikin ko ɗaya. Ni na san su da tsummansu: wannan na tsohon zanen atamfa, wancan na buhun gishiri, wancan mai jan zare. Na san gidan kowane, na san wa ya halatta ya taɓa shi. Duk wannan a kaina yake, babu takarda.

Wata rana ɗan kwangilar nan ya sayi manyan motoci biyu, ya ce shi ya gaji da warin albasa, ya koma sufuri. Sai hedikwatar kamfani a Sakkwato ta yanke shawarar ta ɗauke mu kai tsaye mu zama nata. Ranar da labari ya iso, 'yan dako har rawa suka yi da buhu a ka. An ce akwai katin asibiti, akwai hutu, akwai kakin aiki, har da fansho. Ni ma na yi murna, na saya wa matata tsire a hanya, abin da ban saba ba, har ta tambaye ni ko lafiya.

An kuma ce ba da littafi za a yi wannan aiki ba, da kwamfuta za a yi. A lokacin a duk Illela ban san wanda ya taɓa ganin ta ido da ido ba. Wani direba ya ce ya gan ta a Kano, wai tana gane maƙaryaci. Tun daga ranar mutum uku suka daina gaishe shi, don shi kansa maƙaryaci ne.

Aka turo injiniya ya tsara aikin. Saurayi ne Bakano, siriri, da tabarau, mai ladabi har ya yi yawa. Ya gaishe ni da hannu biyu, ya ce mini Malam Helma. Ban so shi ba tun ganin farko, don na lura agogonsa ya fi albashina na wata uku. Ya sa aka share ƙaramin ɗakin da muke ajiye sikeli, aka yi masa silin, aka kafa na'urar sanyi, aka sayo janareto. Mu da muka shekara goma muna gasuwa a sito ba a taɓa saya mana ko mafici ba, amma ga inji tun bai iso ba an gyara masa ɗaki kamar amarya.

Sannan ya manna wani babban kwali a bangon ofis, ya ja layuka da jan biro da shuɗi. Sati na ɗaya, ƙidayar ma'aikata. Sati na biyu, cika fom da ɗaukar hoto. Na uku, isowar inji. Na huɗu, shigar da sunaye. Na biyar, gwaji. Na shida, raba kati. Kowane aiki da layinsa, kowane mutum da nasa. Gaskiya abin ya yi kyau, ban taɓa ganin an zana aiki tun kafin a yi shi ba. Na tsaya ina bi da yatsa har na samo layina. An rubuta helma, an ja shuɗin layi daga sati na ɗaya zuwa na shida. Daga nan sai farin kwali.

Na ce, "Injiniya, biron naka ya ƙare na, ko mi?"

Ya gyara tabarau. Ya ce, "A'a, Malam Helma. Ai daga sati na shida kowa yana da kati da lamba. Injin ne zai riƙa sanin wanda ya zo aiki."

"To ni hwa?"

Ya dubi manaja. Manaja ɗan Sakkwato ne, mai tumbi da fara'a, irin mutanen da suke gaya maka mugun labari suna dariya. Ya ce, "Kai ma ka san yadda abin yake. Aikin ofis sai da satifiket. Aikin sito kuwa na 'yan dako na. Kai ba ka da satifiket, ba ka kuma ɗaukar kaya. Amma bari mu gani, Allah shina nan."

Na san ma'anar bari mu gani. Gidanmu ba mu da gammo, mahaifina tela ne. Ina da mata da 'ya'ya biyu, na uku yana hanya. Sati shida ke nan suka rage mini, kuma a cikinsu ni zan taimaka a gina abin da zai kore ni. Na juya na fita. A bakin ƙofa na yi wa kaina alkawari: ba zan yi ƙarya ba, ba zan ɓata musu aiki ba, amma abin da aka tambaye ni kaɗai zan amsa.

Washegari injiniya ya zo da littafinsa. Ya ce, "Mutum nawa ke aiki a sito kullum?"

Na ce, "Arba'in."

"Ba sa ƙaruwa, ba sa raguwa?"

"Kullum arba'in."

Ya rubuta, ya yi mini godiya, ya ce ya ji daɗin aiki da mutum mai tsari. Da ya ƙara tambaya ɗaya, ko arba'in ɗin jiya su ne na yau, da na gaya masa. Bai ƙara ba. Shi a wurinsa duk ɗan dako ɗaya ne, mutum mai gumi da buhu ya rufe masa rabin fuska.

Aka ba ni sanarwa in faɗa: ranar Alhamis kowane mai gurbi ya zo a cika masa fom, a ɗauke shi hoto, hoton kuma har Sakkwato za a kai shi. Na faɗa kamar yadda aka ba ni, ban ƙara ba ban rage ba. Ina faɗa na san abin da zai biyo baya. A ƙasarmu in magana ta kai ga takarda da hukuma, yaro ba ya shiga gaban ubansa. Ɗaukar buhu na yara ne, amma tsayawa da sunan gida na maigida ne.

Ranar Laraba da la'asar kawuna ya zo daga Darna a kan jakinsa. Wan mahaifiyata ne, yana da gammo a ƙusa ta bakwai, kuma rabonsa da ɗaukar buhu tun ina goye. 'Ya'yansa da jikokinsa suke yi. Ya same ni ina alwala.

Ya ce, "Kai ɗan boko rabi, wanga hoto da anka ce, wa za shi?"

Na ce, "Kawu, mai gammo anka ce."

"To ai ni na."

"Kai na, Kawu."

Ya shafa gemu. "Ka ara mani hular nan taka ta Sallah. Tawa ɓera ya taɓa ta."

Na ba shi. Raina ya ɗan sosu, amma na ba shi.

Ranar Alhamis injiniya ba ya gari, ya tafi Sakkwato ɗauko inji. Ya bar wa akawu aikin fom. Akawun nan shekararsa huɗu a kamfani bai taɓa taka cikin sito ba, wai warin albasa yana kama masa riga. Aka kafa tebur a gindin dogon yaro, mai hoto ya rataya baƙin ƙyalle a bango.

Ban taɓa ganin taro mai kyau irin na ranar ba. Tun hantsi tsofaffi suka fara isowa, daga Amarawa, daga Darna, daga cikin gari, har da biyu daga tsallaken iyaka. Manyan riguna sun sha bugu, rawuna, sanduna, ƙamshin turare ya danne na albasa. Wani an riƙo shi ta hannu biyu. Wani ya zo da buta da buzu, ya ce bai san ko za a daɗe ba. A can gefe kuma 'ya'yansu suna ta lodin mota, suna leƙowa suna alfahari.

Akawu ya ɗago kai ya dube su, ya dube ni. Ya ce, "Waɗannan su ne ma'aikatan?"

Na ce, "Su ad da gammo."

Ya ɗaga kafaɗa, ya buɗe biro. Shi dai a cika fom a tashi.

Wurin tambayar shekaru aka yi wasan. Na farko ya ce saba'in. Na biyu ya ce in wancan saba'in ne, to shi saba'in da biyar, don shi ya koya masa hawan jaki. Daga nan abu ya zama gasa, ba mai yarda a rubuta shi ƙanen wani. Da layi ya zo kan kawuna, abokin hamayyarsa na Amarawa ya riga ya ce tamanin.

Kawu ya ce, "Rubuta tamanin da biyar."

Na Amarawa ya buga sanda a ƙasa. "Ƙarya kakai! Ranar sunanka ina nan, har hura nis sha."

"Kai? Kai da nig gani tsirara kana bin awaki? Malam akawu, mai da shi casa'in."

"To ni casa'in da biyu!"

Mai hoton Bayarabe ne da ya daɗe a garin, kuma cikin tsofaffin akwai Gobirawa, abokan wasansa. Wani ya ce masa, "Kai bawanmu, in ka hiddo ni da baki karkace sai na sai da kai Ƙonni." Shi kuma ya ce, "Baba, bakin da ka zo da shi zan fito da shi, ni ba makaniki ba ne. Rufe, haƙori ɗaya ba ya hoto." Aka yi ta dariya. Kawuna ya zauna a kujera da hulata, ya ƙame kamar an dasa shi, bai numfasa ba sai da aka ce ya tashi.

Injin ya iso ranar Asabar cikin kwalaye uku. Wani akwati ne ruwan toka, da gilashi kamar talabijin, sai abin bugawa irin na tafireta. Rubutunsa kore ne a kan baƙi. Injiniya ya ce ba a shiga ɗakin da takalmi, saboda haka kullum sai ka ga takalma a jere a ƙofa, har wani baƙo ya taɓa tsayawa yana tambayar ko an tayar da salla. Akawu ya kwashe sati yana shigar da fom. Injiniya yana fama da wayoyi da janareto, bai karanta ko fom ɗaya ba. Hotuna kuma suna wurin wanki.

Ranar gwaji manaja ya sa babbar riga. Aka kira ni, ba don komai ba sai don in riƙe takardar da za ta fito. Injiniya ya yi bayani cewa ya koya wa injin dokokin kamfani duka, har da cewa duk wanda ya haura sittin ya isa ritaya. Ya danna wani abu. Na'urar bugawa ta kama ƙara kamar ana yaga sabon yadi, takarda mai huji-huji a gefe tana fitowa tana naɗewa a hannuna. Da ta tsaya, injiniya ya karɓa yana murmushi. Ina kallon murmushin yana bushewa.

Manaja ya ce, "Mi yac ce?"

Injiniya ya sake bin takardar da yatsa daga sama.

Na leƙa na karanta musu da Turancina na aji biyu. Ma'aikata arba'in. Waɗanda suka isa ritaya, talatin da huɗu. Waɗanda za su ci gaba da aiki, shida.

Manaja ya fashe da dariya har ya dafa bango. "Yau munka ɗauke su, yau sunka yi ritaya? Kai, wanga inji akwai tausai!"

Kamar an shirya, sai ga mai hoto da ambulan. Injiniya ya zazzage hotunan a tebur. Rawani, gemu, rawani, gemu, kawuna da hulata. Ya ɗauki ɗaya ya je taga. A waje samari majiya ƙarfi suna gudu da buhunan albasa a kan katako suna hawa mota. Ya dubi hoton, ya dubi samarin, ya sake duban hoton. Ni kuwa na ji wani daɗi ya ratsa ni tun daga wuya har tafin ƙafa. Ba zan ɓoye ba.

Daɗin bai kai minti biyar ba. Manaja ya share hawaye ya ce abin mai sauƙi ne: a fita yanzu a rubuta arba'in ɗin da suke aiki yau, a ba su kati, magana ta ƙare. Na san wanda yake riƙe da gammon kawuna a ranar ba ɗan gidan ba ne, maƙwabci ne aka ara wa, don yaran duk suna shuka. Na san na matar nan da mijinta ya rasu yana hannun ƙanen mijinta mafi son kansa, in aka ba shi kati da sunansa ba za ta sake ganin ko ƙwayar wake ba. Gida goma sha wani abu za su tashi a tutar babu, kuma shiruna ne ya jawo.

Injiniya ya roƙi a ba shi kwana biyu. Da azahar ya same ni a gindin dogon yaro ina shan fura. Ya zauna a ƙasa da wandonsa mai guga.

Ya ce, "Malam Helma, ka san haka za ta faru."

Na ce, "Na sani."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Ba ka tambaye ni ba. Kuma mutumin da ka ja ma layi yaƙ ƙare sati na shida, mi za ya sa shi yi maka karambani?"

Na zaci zai yi fushi, na ma shirya masa amsa ta biyu wadda ta fi ta farko zafi. Sai ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya ce, "To yanzu na tambaye ka. Su wane ne ma'aikatan kamfanin nan?"

Na ajiye ludayi na ce ya biyo ni. Na kai shi bangon sito. Ƙusoshin duk babu komai a kansu, don gammo yana kan masu aiki. Na fara daga ta ɗaya: gidan wane, mutum uku, ɗaya gurgu ne ba ya zuwa sai ranar ɗinkin buhu. Ta biyu, mutum biyar, biyu ba sa ga maciji, kada a bar ɗaya ya miƙa wa ɗaya gammo. Ta uku, ta huɗu. Yana rubutu har biro ya ƙare, ya ari nawa. Da muka kai ta arba'in rigarsa ta jiƙe sharkaf, yana warin albasa kamar kowa. Ya ƙirga, mutum ɗari da goma sha bakwai.

Ya ce, "Duk wannan a ina ka rubuta?"

Na nuna masa kaina. Na ce, "Nan. Ba shi son na'urar sanyi, ba shi shan man janareto."

Ya yi dariya. Wannan ne karo na farko da na ji ba na ƙin sa sosai.

Kwana biyun nan suka zama sati biyu. Na ari babur, na goya shi, muka bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Ya sha fura a Amarawa har cikinsa ya ɓaci. A Darna kare ya bi shi, ya haye rumbu da littafi a baki. Kawuna ya yanka masa zabo, sannan ya tsare shi da tambaya ko injin ya amince da casa'in ɗinsa, don ya ji an ce na Amarawa yana yawo yana cewa shi inji ya tabbatar. Injiniya ya ce injin ya karɓi duka biyun. Kawu ya ce to injin ba shi da kirki.

Da muka dawo ya cire kwalinsa ya zana sabo. Lamba ba ta mutum ba ce kuma, ta ƙusa ce. A ƙarƙashin kowace lamba a jera sunayen waɗanda gidan ya yarda su ɗauki gammo, kowa da ƙaramin katinsa. Ya ce injin yana da wurin suna huɗu kaɗai. Na ce gidan kawuna su shida ne, kuma in aka cire biyu ni ba zan sake zuwa Darna ba. Ya yi kwana uku yana danne-danne, ya faɗaɗa wurin ya zama takwas. Manaja ya ce hedikwata ba za ta taɓa yarda ba. Injiniya ya tafi Sakkwato da hotunan tsofaffin nan a jaka, ya baza su a teburin manya. An ce sai da aka ɗage taron saboda dariya. Suka yi ta ja, suka rage wasu abubuwa, fansho ya zama sai wanda ya cika wasu kwanaki a shekara, amma katin asibiti ya tsaya ga duk wanda aka jera. Suka sa hannu.

Ni duk wannan ina yi ne ina duban kwali. A sabon ma layina a sati na ƙarshe ya tsaya. Matata ta ce in je in roƙi manaja, na ce bakina bai iya wannan ba.

Aka raba kati, aka fara aiki da sabon tsari ranar Lahadi, ranar kasuwa, ranar da motoci suka fi yawa. A nan aka gane abin da ya rage. Injin yana da sunaye ɗari da goma sha bakwai, amma bai san wa ya cire gammo yau ba sai an gaya masa. Aka ce akawu ya tsaya a ƙofar sito da asuba ya karɓi kati. Ya tsaya da hankici a hanci. Rabin mutanen sun bar katin a gida, matansu sun adana a cikin kwalla don kada ya yi datti. Wasu sun zo da na wansu, don a wurinsu katin gida ne kamar gammo. Tagwayen ƙusa ta sha tara suka rikita shi har ya rubuta wanda bai zo ba. Motoci suka yi layi har bakin titi, direbobi suna ta oda. Ni ina zaune a kan sikeli ina cin gyaɗa, don a kan kwali aikina ya ƙare tun jiya.

Rana ta biyu ma haka. A ta uku manaja ya fito da kansa, babu dariya. Ya ce, "Kai, taso ka raba muna wanga rikici."

Na ce, "Ranka shi daɗe, da wace lamba? Inji bai san ni ba."

Ya juya ya dubi injiniya. Injiniya ya shiga ofis, ya fito da kwalin da shuɗin biro, ya dafa shi a jikin mota a gaban kowa, ya ja layina daga inda ya tsaya har ƙarshen takarda, biron ya zarce ya shafi fentin motar. Daga baya ya gaya mini tun a Sakkwato ya nemi a buɗe gurbin helma aka hana, aka ce inji ya isa, shi ya sa ya bari a gani da ido. Ban sani ba ko gaskiya ne, ko kuwa daɗin baki irin na Kanawa. Na dai karɓa.

Lamba ta arba'in da ɗaya aka ba ni. A mataki mafi ƙasa aka sa ni, ƙasa da akawun da bai iya bambance tagwaye ba, saboda satifiket. Shekara goma sha ɗaya na yi a wannan matakin. Injiniya kuwa aka ƙara masa girma, na ji har wasu garuruwa ya je yana bayanin tsarin da ya ƙirƙiro. Bai taɓa aiko mini da ko hula ba, ga shi kawuna bai dawo mini da tawa ba. Amma kafin ya tafi ya zaunar da ni ya koya mini bugawa da yatsa biyu. Kullum da safe in na gama duba bango, sai in tuɓe takalmi in shiga ɗakin sanyi in gaya wa inji wanda ya zo. Nakan daɗe a ciki fiye da yadda aikin yake bukata. Ɗana na uku a asibiti aka haife shi, da katin kamfani.

Hotunan tsofaffin ba su da amfani a sabon tsari, akawu ya so ya zuba su a kwandon shara. Labari ya kai ƙauye, suka aiko cewa ba su yarda ba, sun sha wahalar wanka da naɗi. Sai na karɓo su, na manna kowane a saman ƙusar gidansa. Duk saurayin da ya zo cire gammo da safe sai ya haɗa ido da ubansa ko kakansa cikin rawani, kuma na lura laɓewa bayan buhuna ta ragu.

Da na gama mannawa na ja da baya na duba bangon. Ƙusa arba'in, hoto arba'in. Na je wurin kafinta na karɓo ƙusa ɗaya 'yar inci huɗu, na ari guduma, na kafa ta a ƙarshen layi, na rataya katina. Manaja yana wucewa ya ce wannan kuma ta mece ce, ai ba ta cikin tsari. Na ce ya je ya tambayi inji.